Kallo Ya Koma Sama: Meye Amfanin Tsuntsun Da Ba A Kama Ba?

Mai karatu, bari in fara da tambaya, kuma don Allah ka ba ni amsa tsakaninka da Allah. A ce ka yi sammako za ka Jos, ka karya ta Kwanar Dangora, ka wuce Tudun Wada, kana shiga dajin Falgore sai ka hangi wani magidanci da hankalinsa, da furfurarsa, ya ajiye mota a gefen titi ya ƙame a gindin wata bishiya, ya ɗaga kai sama da madubin hangen nesa a idonsa. Babu bindiga, babu danƙo, babu tarko. Ka tambaya, a ce maka ai tsuntsu yake kallo, idan ya gama zai rubuta sunansa a ɗan littafi ya kama hanyar gida. Me za ka ce?

Na san abin da yawancinmu za mu ce. Wani zai ce ƙoshi ne. Wani zai ce aikin Nasara ne. Wani ma cewa zai yi a duba lafiyar mutumin. A wurinmu tsuntsu ɗayan uku ne: ko a ci shi, ko a sa shi a keji, ko a kore shi daga gona. Wanda ya ƙona mai ya tafi daji ya dawo hannu rabbana, kuma yana murna, kallon hadarin kaji muke yi masa.

To amma kafin mu yi dariya, mu ɗan dubi kanmu. Ni da kai da kuma ke 'yar'uwa mai riƙe da mujallar nan, ai duk 'yan kallo ne. Muna zama awa uku cur a gaban fim ɗin Indiya. Muna ƙona data duk mako don kada wani shiri mai dogon zango ya wuce mu. Idan fim ya ƙare, me ya rage a hannunmu? Ko tsinke. Jarumar ba ta san da zamanmu ba, jarumin bai taɓa jin sunanmu ba, amma mu tashi muna cewa wallahi mun ƙaru. Ashe ke nan mun yarda akwai ribar da ba a riƙe ta da hannu. To me ya sa namu kallon ya zama nishaɗi da darasi, na mai kallon tsuntsu ya zama hauka?

Wannan ita ce maganar da nake so mu tattauna a wannan watan. Shin kallon da ba ya kawo komai hannu yana da daraja? In kuma yana da ita, shin akwai haƙƙin da ke rataye a wuyan mai kallon?

DAJIN DA MUKE WUCEWA A GUJE

Bari mu fara da wurin, domin da yawa daga cikinmu mun san shi ne ta tagar mota kawai. Kudancin Jihar Kano daban yake da sauran jihar. Daga Bebeji, inda madatsar ruwa ta Tiga take, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasa takan fara sauyawa. Kana ƙara nutsawa ta Ƙiru da Tudun Wada sai ka ga bishiyoyi sun ƙara kauri, ruwan sama ya fi yawa, har ka kai Doguwa inda duwatsun Riruwai suke, waɗanda dangin duwatsun Jos ne, shi ya sa ma aka daɗe ana haƙar kuza a can. A tsakiyar wannan yanki dajin Falgore yake kwance, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, Kogin Kano ya ratsa shi ya gangara ya zuba a Tiga. Tun a shekarun 1940 Turawan mulki suka killace shi da sunan gandun dajin Kogin Kano, a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta duniya, BirdLife International, ta sa shi tare da dajin Lame-Burra na Bauchi a jerin muhimman wuraren tsuntsaye. A ƙarshen 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a cikin sabbin gandayen daji na ƙasa guda 10.

Ka ga ke nan a ɗan wannan yanki akwai tafki, akwai kogi, akwai kurmi, akwai dutse, kuma kowanne da irin tsuntsunsa. A bakin ruwa ga zalɓe da kirinjijiya da ƙeƙuwa. A cikin daji ga cilakowa da fakara da zabin daji da maƙoƙofa. A sama ga shirwa da shaho. Da dare ga mujiya da yautai. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900, kuma wasu daga cikinsu baƙi ne da kan taso daga Turai, su ƙetare teku da Sahara, su yi mana hunturu su koma.

A wasu ƙasashen, irin wannan wuri kasuwa ce guda. A Gambiya da Kenya da Uganda akwai samarin da sana'arsu ke nan, su ja baƙi zuwa daji su nuna musu tsuntsu, a biya su. Baƙon ya kwana a masauki, ya ci abinci, ya hau mota, ya tafi bai ɗauki ko gashin tsuntsu ɗaya ba. Tsuntsun da aka nuna wa baƙon yau, shi za a sake nuna wa na gobe. Amma ni ba lissafin kuɗin ne ya fi damuna ba, domin idan da kuɗi kawai za mu kare tsuntsu, ranar da farashin gawarsa ya fi na kallonsa shi ke nan ya tafi. Abin da ya dame ni shi ne abin da irin wannan kallo yake yi wa zuciyar mai yin sa.

MAHARBI DA KAN BURTU

Duk ƙasar Hausa babu wanda ya kai maharbi sanin tsuntsu. Ya san kukan kowanne, ya san lokacin shan ruwansa, ya san wanda in ya yi kuka akwai maciji a kusa. Dubi ma dabarar maharban da: su sassaƙa kan burtu su ɗaura a goshi, su durƙusa suna tafiya suna sunkuyar da kai kamar yadda burtu ke kiwo, har su kusanci nama bai ankara ba. Mutum ba zai iya kwaikwayon burtu haka ba sai ya ɓata kwanaki yana kallonsa. Wato maharbi ma ɗan kallo ne, kuma gwani.

Saboda haka maharbi da mai kallon tsuntsu tafiyarsu ɗaya ce. Dukkansu sammako suke yi, dukkansu sanɗa suke yi, dukkansu sun iya shiru da haƙuri. Inda suka rabu shi ne daƙiƙar ƙarshe, lokacin da tsuntsu ya shigo ido sosai. Ɗaya ya saki kibiya, ɗaya ya bar shi ya tashi.

Kada ka ɗauka zagin maharbi nake yi. Sana'a ce ta iyaye da kakanni, kuma wanda ya harbo zabo don ya ciyar da iyalinsa bai yi laifi ba. Kai, har ilimi ma kibiyar maharbi ta taɓa bayarwa. A 1822, a kusa da wani gari mai suna Klütz a Jamus, aka harbo wata farar shamuwa, sai aka tarar da doguwar kibiya irin ta Afirka soke a wuyanta. A lokacin Turawa suna ta gardamar inda tsuntsayensu ke ɓacewa da sanyi, har wasu na cewa a ƙarƙashin ruwa suke kwanciya. Kibiyar wani maharbi da ba a san sunansa ba ta zama hujjar cewa Afirka suke zuwa. Har yau tsuntsuwar tana nan a ajiye a Jami'ar Rostock.

Abin da nake so ka lura da shi shi ne waccan daƙiƙar ta ƙarshe. Ba a sanin halin mutum a kan abin da ya fi ƙarfinsa. Kowa mai haƙuri ne a gaban zaki. Ana sanin halin mutum ne idan abu ya ba shi sha'awa, yana da ikon ɗauka, babu mai hana shi, kuma ba yunwa ke damunsa ba. A nan ne za a ga ko zai iya cewa: wannan abu yana da kyau, kuma ba sai ya zama nawa ba.

Mu kam wannan magana tana yi mana wuya. Da mun ga abu mai kyau, tambayar farko ita ce nawa ne. Muna son kukan kanari, sai mu kulle shi a keji. Muna son tafiyar gauraka da tukkunta, sai mu sa a kamo ta a karya mata fiffike ta riƙa zagaya tsakar gidan mai kuɗi. Ga sakamakon nan: gauraka, wadda ake yi wa kallon tsuntsuwar ƙasa a Nijeriya, yau ganinta a dajinmu ya zama abin labari. Lalacewar fadamu ta taimaka, amma masu sonta ma sun ba da nasu kason. Ƙaunarmu ce ta cinye ta.

Ke 'yar'uwa mai karanta littattafan soyayya, ai kin san wannan labarin. Sau nawa kika karanta, sau nawa muka kalla a fim, saurayin da ke rantsuwa yana son yarinya kamar ransa, amma da ta ce ba ta yi, sai ya koma wurin boka, ko ya ɓata mata suna, ko ya ce in bai samu ba kowa ya rasa? Sau nawa muka ga mijin da ya auro mace saboda fara'arta da iliminta, sannan ya rufe ta har fara'ar ta mutu? Mukan ji haushinsu a fim, mu ce wannan son kai ne. To ai zuciyar da ta sa gauraka a tsakar gida ita ce dai wannan. Wanda bai koyi son abu ya bar shi a inda ya fi kyau ba, ko mutum ya so haka zai yi masa.

SHAMUWA DA UNGULU

Masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce, ina da tambaya gare su: shamuwa fa? Duk shekara idan bazara ta yi nisa, shamuwa takan dawo daga kudancin Afirka ta sauka a garuruwanmu, ta yi sheƙa a kan kuka ko tsamiya a tsakiyar gari, wani lokaci a cikin gidan mutum. Babu mai jifanta. Yaron da ya ɗaga mata danƙo sai ya sha faɗa. Manomi na ganinta ya san lokacin gyaran gona ya yi, yara kuma su bi ta da waƙa. Ba a cin ta, ba a sayar da ita, kallonta kawai ake yi ana murna. Idan wannan ba kallon tsuntsu ba ne, to mene ne? Kakanninmu sun yi shi ba tare da madubi ba. A addinance ma, a Suratul Mulk da Suratun Nahl an ja hankalin ɗan Adam ya ɗaga kai ya dubi tsuntsaye a sararin sama ya yi tunani. Ashe baƙon abu a cikinmu shi ne mantuwar, ba kallon ba.

Yanzu ka kwatanta da ungulu. Tambayi duk wanda ya haura shekara 50, zai gaya maka yadda ungulaye suke cika mahauta da bakin kasuwa, har sai an kore su. Mu da muka taso daga baya, a karin magana muka fi saninta: ungulu ba ta jewar banza, an yi mana ungulu da kan zabo. Yaushe rabonka da ganin ungulu ido da ido? A 2015 hukumar da ke lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya ta sa irin ungulun nan tamu ta cikin gari a matakin da ke dab da ƙarewa. Daga cikin manyan dalilai akwai guba, da kuma kashe ta da ake yi ana sayar da kanta da sassan jikinta don tsibbu da magani.

Abin tsoron shi ne yadda ta tafi ba mu ankara ba. Babu wanda ya yi mata zaman makoki, domin dama babu mai kallonta. Mummuna ce, mai cin mushe ce. Amma aikin da take yi kyauta, na kwashe mushe kafin ya ruɓe ya yaɗa cuta, babu hukumar da ta iya shi kamarta. Indiya ta ɗanɗana. Daga shekarun 1990, wani maganin dabbobi mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wasu nau'in ungulayen ƙasar, domin suna cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa. Kafin a hana amfani da shi ga dabbobi a 2006, mushe ya yi yawa, karnukan titi sun ƙaru, cizon mahaukacin kare ya ƙaru.

Darasin a fili yake. Shamuwa da muke kallo tana nan tana dawowa. Ungulu da muka kau da kai daga gare ta ta ɓace. Abin da al'umma ta daina kallo, ta riga ta ba da izinin a kashe shi, ko da ba ta faɗa da baki ba.

AMMA FA AKWAI MAGANA

Ba zan yi maka rufa-rufa ba, mai karatu, masu sukar wannan abu suna da hujjoji masu nauyi, kuma wajibi ne a saurare su.

Na farko, yunwa. Je ka Kadawa ko Kura ko Garun Malam, inda ruwan Tiga ke shayar da shinkafa, ka ce wa manomi tsuntsu abin sha'awa ne. Zai nuna maka garken janbaki da kan sauka kamar hadari su share wahalar wata huɗu a 'yan kwanaki. Zai nuna maka 'ya'yansa da ke yini a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu. Wannan mutumin gaskiya gare shi, kuma duk mai son tsuntsun da bai ji zafinsa ba, son nasa na masu ƙoshi ne da gaske. Sai dai ko a nan, mai kallo ne ke iya bambance janbaki da sauran ƙananan tsuntsayen da ke cin ƙwarin gona. Wanda bai sani ba, feshi zai yi wa kowa, ya kashe ɓarawo da mai gadi tare.

Na biyu, tsaro. Sunan Falgore a kunnen mutanen Kano ya daɗe yana tafiya da fashi da satar shanu da garkuwa da mutane, har ta kai a 2017 sojoji suka shiga dajin da atisayen Harbin Kunama na biyu, aka kuma kafa wurin horon soja a can. Wanda aka taɓa tare ɗan'uwansa a wannan hanya, in ka ce masa a je kallon cilakowa, zai ga kamar izgili kake yi. Ni ma ban ce kowa ya ɗauki jaka ya faɗa daji ba tare da izinin hukuma da rakiyar ma'aikatan gandu ba. Amma mu tambayi kanmu, wane daji ne ɓarawo ya fi so? Wanda mutanen kirki suka ƙaurace wa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da ɗalibai da masu bincike da baƙi ke shiga suna fita, dajin da mutanen ƙauyen gefensa ke cin abinci ta hanyarsa, yana da idanu da yawa a kansa.

Na uku, kuma shi ne ya fi nauyi a wurina: wa ke cin riba? Killace daji yana nufin an ce wa wani kada ya shiga. An ce wa mai itace ya tsaya, an ce wa maharbi ya ajiye baka, an ce wa Bafulatani ya juya da shanunsa. Matsalar wurin kiwo ce ma ta sa gwamnatin Ganduje ta ware dajin Ɗansoshiya a Ƙiru don tsugunar da makiyaya. To idan aka hana waɗannan mutane, sannan aka buɗe ƙofa ga baƙo mai kyamara, kuɗin ya tafi aljihun wani kamfani a birni, ai an koma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Irin wannan kallon ba shi da tsarki ko kaɗan. Bai ɗauki tsuntsu ba, amma ya ɗauke wa talaka daji.

BASHIN DA KE KAN MAI KALLO

Wannan ya kawo mu rabi na biyu na tambayar. Ni a ganina kallo yana da daraja, amma ba kyauta ba ne. Duk wanda ya more wa abu da ido, akwai bashi uku a kansa.

Bashi na farko shi ne sani. Ka san sunan abin da kake kallo da yadda yake rayuwa. Mu a adabinmu mun fi son tsuntsu idan ya zama mutum. Akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya burge mu ne saboda ya iya zance har ya zama waziri. Hankaka mun san shi ne da mai da ɗan wani nasa. Wato kanmu muke kallo a jikinsu. Mai kallon gaskiya shi ne wanda zai zauna ya ga tsuntsu a matsayinsa na tsuntsu, halittar da ba ta damu da shi ba. Wannan ma horo ne na rage girman kai. Kuma abin da ba a sani ba yana da yawa: sai a 1998 masana suka bayyana wani ɗan jan tsuntsu mai zama a duwatsun Jos a matsayin nau'in da ba a taɓa rubutawa ba, alhali yaran ƙauyukan wurin kullum suna wuce shi.

Bashi na biyu shi ne mutanen wurin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsohon maharbin Riruwai ko na Falgore ya riga kowane ɗan boko sanin dajin. Idan za a yi jagora, shi ne jagora, kuma a biya shi da daraja, a rubuta sunayen tsuntsayen da Hausa da Fulatanci daga bakinsa kafin ya tafi da su kabari. Ranar da burtu mai rai ya fi kawo masa abinci a kan matacce, ba sai an aiko masa da ɗan sanda ba.

Bashi na uku shi ne shaida. Wanda ya gani, ya faɗa. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke dajin Amurum, ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda aka kafa a 2001. Daga can aka fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya a ƙarshen 2015, inda 'yan sa-kai, da yawansu matasanmu na Arewa, ke fita suna rubuta duk tsuntsun da suka gani a waya, ana tarawa wuri guda. Kana iya cewa wasa ne. To amma irin wannan ƙidayar ce ke nuna abin da ido ɗaya ba ya gani. Misali, ruwan da aka tare a Tiga ya raya noman rani a Kano, amma ya rage ambaliyar da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru, inda dubban tsuntsayen Turai ke sauka, inda kuma masunta da makiyaya da manoman fadama ke cin abinci. Tsuntsu yakan riga mutum sanin wuri ya lalace. Mai ƙirga shi yana jiyo mana ƙararrawa ne tun da sauran lokaci.

MU 'YAN FIM FA?

Tunda a gidan fim muke, bari in juyo kanmu. Shekara nawa muna kwasar 'yan wasa zuwa Tiga da Bagauda da bakin dazuzzukan nan don ɗaukar waƙa? Daji a finafinanmu labule ne kawai. Jarumi ya jingina da bishiya, jaruma ta zagaya dutse, a ɗora fiyano a kai ya danne duk wani sauti na wurin. Waƙar na kiran masoyiya kurciya ko tantabara, alhali kurciyar gaske tana kuka a saman kansu, mai kyamara bai ko ɗaga kai ba. An gama, an watsar da ledojin ruwa, an hau mota. Mun kalla, ba mu sani ba, ba mu biya ba, ba mu yi shaida ba. Bashin nan uku duk suna kanmu.

Ba mu kaɗai ba ne da wannan sakaci. A Holiwud an daɗe ana sa kukan wani tsuntsun Ostireliya mai kama da dariya a finafinan da aka ce a kurmin Afirka suke, kuma kukan da ake ɗora wa mikiyar Amurka a fim galibi na wani shaho ne, don nata bai kai abin tsoro ba. Amma can akwai masu biyan bashin. Bafaranshe Jacques Perrin ya ɓata shekaru yana bin tsuntsaye masu ƙaura kafin ya fitar da fim ɗinsa a kansu a 2001. A Indiya ma, fim ɗin 2.0 na 2018, wanda Rajinikanth da Akshay Kumar suka fito, an gina shi ne a kan wani masanin tsuntsaye da baƙin cikin mutuwarsu ya mayar mugu. Zancen da fim ɗin ya yi na cewa wayar salula ce ke kashe su, kimiyya ba ta tabbatar da shi ba, amma ko ba komai ya sa miliyoyin 'yan kallo sun tambayi ina tsuntsayen unguwarsu suka tafi.

Mu ina namu? Ga labari nan zube a Doguwa: tsohon maharbi da ɗansa da ya zama ma'aikacin gandu, uba na ganin daji gadonsa ne, ɗa na ganin amana ce. Ga rikici, ga soyayya, ga hawaye, duk abin da muke nema a fim. Ko wannan ya yi nisa, darakta ya gwada abu ɗaya: a fitowa guda, ya kashe kiɗa na minti ɗaya ya bar dajin ya yi magana.

Kai kuma mai karatu, ba sai ka je Falgore ba tukuna. Gobe bayan sallar asuba, kafin ka taɓa waya, tsaya a ƙofar gida minti goma ka dubi bishiyar da ta fi kusa da kai. Ƙirga irin tsuntsayen da za ka gani, ka ga guda nawa za ka iya kira da sunansu. Waɗanda suka gagare ka, ka tambayi tsohon da ke unguwarku tun yana nan. Idan yaronka ya ɗaga danƙo, kada ka doke shi. Ka riƙe hannunsa ka ce ya fara gaya maka sunan tsuntsun da launin wuyansa. Sau da yawa kafin ya gama dubawa, sha'awar jifan ta wuce.

Wanda ya yarda da ni da wanda ya ƙi, filin wasiƙu a buɗe yake. Musamman ina son jin ta bakin mutanen Tudun Wada da Doguwa, domin ku ne masu dajin. Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.